Hawayen ɗan wasa: daga zuciya suke fitowa ko daga horo?

Wani marubucin Rumawa mai suna Aulus Gellius, wanda ya rayu a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya adana labarin wani shahararren ɗan wasan kwaikwayo na ƙasar Girka da ake kira Polus. An ba shi ya fito a matsayin Electra a wasan Sophocles, domin a wancan zamani maza ne suke fitowa a madadin mata, kuma a cikin wasan akwai inda Electra take rungume wani tulu da aka ce mata tokar gawar ɗan'uwanta ce a ciki, tana kuka. Polus kuwa bai daɗe da rasa ɗansa ba. Sai ya ɗauko tulun da aka zuba tokar ɗan nasa, ya hau dandamali da shi, ya rungume shi, ya yi kukan da ya cika filin wasan, 'yan kallo suna ganin gwaninta, alhali uba ne yake makokin ɗansa a gabansu.

Masu nazarin wasan kwaikwayo sukan kawo wannan labari idan ana gardamar ko ya wajaba ɗan wasa ya ji abin da yake nunawa har cikin ransa. Ni kuwa tambayar da labarin yake tayar mini daban ce: idan aka ce Polus ya maimaita wasan washegari, da jibi, da gata, har dare talatin, yaya zai yi? Zai riƙa ɗauko tulun kullum? Idan ya yi haka, ɗayan biyu ne zai faru: zuciyarsa ta saba har tulun ya zama tulu kawai, ko kuwa mutumin ya illata kansa. Marubuci yana iya ajiye alƙalami ya jira ranar da tunani zai zo masa, amma ɗan wasa an riga an sayar da tikiti, an sa lokaci, mutane sun zauna, kuma wanda ya zo kallo a dare na talatin ya biya kuɗi daidai da wanda ya zo a daren farko. Kusan duk hanyoyin horar da 'yan wasa da ake karantarwa a jami'o'i an ƙirƙire su ne don warware wannan matsala ta maimaitawa, kuma wanda bai riƙe wannan ba zai ga sunayen masana da ra'ayoyinsu sun tarar masa kamar kayan haddar jarrabawa.

Tun kafin Gellius, mawaƙin Rumawa Horace ya ce duk mai son ya sa shi kuka, to ya fara jin zafin shi da kansa. Wanda ya yi wa wannan ra'ayi kaca-kaca shi ne masanin falsafar Faransa Denis Diderot, a wani ɗan littafi da ya rubuta a shekarun 1770, wanda ba a buga ba sai a 1830, shekara 46 bayan mutuwarsa. Hujjarsa ita ce ɗan wasan da ya dogara da sosuwar zuciya ba shi da tabbas, yau ya yi zafi gobe ya yi sanyi, wurin da ya burge jiya nan zai faɗi yau. Gwani na ainihi, in ji shi, mutum ne mai sanyin kai da ya lura da mutane, ya gina siffar wanda zai kwaikwaya a tunaninsa, sannan yake kwafo ta kullum ba ragi ba ƙari. Ya kafa misali da David Garrick, ɗan wasan Ingila da ya gani da idonsa yana leƙo da kai ta tsakanin ƙyauren ƙofa, cikin daƙiƙa huɗu ko biyar fuskarsa ta tashi daga murna zuwa mamaki, zuwa baƙin ciki, zuwa firgita, ta kuma komo inda ta faro. Diderot ya ce babu zuciyar da za ta ji waɗannan abubuwa duka a ɗan wannan lokaci. Mu mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa yana cewa fuskar gwanin ɗan wasa takan ba da labarin da zuciyar ba ta san da shi ba.

Mutumin da ya mayar da wannan gardama aikin yau da kullum a ɗakin atisaye shi ne Konstantin Stanislavski, wanda aka haifa a Mosko a 1863 a gidan attajirai masu masana'antar zaren zinariya. A 1897 ya zauna da marubuci Vladimir Nemirovich-Danchenko a wani gidan abinci, suka fara tattaunawar da ta ɗauki awa 18 suna tsara irin gidan wasan da suke so, a 1898 kuma suka buɗe Gidan Wasan Fasaha na Mosko, wanda ya yi suna da wasannin Anton Chekhov. Tsarinsa na horo bai samo asali daga wannan nasara ba. A 1906, yana hutu a Finlan, ya zauna ya binciki kansa, ya gano cewa rawar Dakta Stockmann ta wasan Ibsen, wadda ya yi shekaru yana takawa ana yaba masa, ta mutu a hannunsa. Jikinsa yana tuna inda zai ɗaga yatsa da inda zai sassauta murya, amma dalilin da ya sa ya fara yin hakan ya gudu, saura ɓawo. Ashe hanyar Diderot ma tana da ramin da take faɗawa, domin kwafin da ake ta maimaitawa yakan ƙwaye kamar tsohon hatimi.

Abin da ya gano, wanda a ganina shi ne ginshiƙin ilimin gaba ɗaya, shi ne cewa ba a ba zuciya umarni. Ba wanda zai ce wa kansa ya ji tsoro yanzu, tsoron ya amsa kira. Kamar kurciya ne, wadda ba a kama ta da gudu, sai dai a watsa tsaba a koma gefe. Aikin horo shi ne sanin irin tsabar da za a watsa.

Bari mu ɗauki fitowa guda mu duba ta kusa. Yaron shago ne maigidansa ya ba shi kuɗi ya kai wa wani ɗan kasuwa, kuɗin suka ɓace a hanya, ga shi ya iso ƙofar zaure bayan magariba, abin da marubuci ya rubuta masa kuwa bai wuce "Alhaji, barka da yamma" ba. Ɗan wasan da bai sami horo ba zai karanta, ya ce wannan wurin tsoro ne, sai ya shigo yana karkarwa, yana zare ido, yana murza hannu, wato yana nuna hoton tsoro irin wanda ya gani a wurin wasu 'yan wasa. Stanislavski zai tsayar da shi ya jero masa tambayoyi game da yanayin da aka shimfiɗa. Nawa ne kuɗin, albashinsa na wata nawa ne? Shekara nawa ya yi a wurin Alhaji? Wa ya kawo shi, ko kawunsa ne ya tsaya masa, wanda kunyar za ta fara hawa kansa? An taɓa zarginsa a baya? Sau nawa ya bi hanyar nan yana duba ƙasa kafin ya haƙura ya taho? Akwai baƙi a zauren? Sannan sai ya ba shi mabuɗin da ya fi daraja a wurinsa, wato kalmar "da a ce". Ba a neman ɗan wasa ya yarda cewa shi ne yaron shagon, wannan hauka ne. Ana tambayarsa ne: da a ce kai ne a wannan hali, me za ka yi? Amsar kuwa dole ta zama aiki. Kalmar da ya yi amfani da ita a Rashanci, zadacha, tana nufin aikin da aka ɗora wa mutum ko matsalar da aka ba ɗalibi ya warware. Aikin yaron ba jin tsoro ba ne. Aikinsa shi ne ya karanci fuskar Alhaji kafin ya buɗe baki, ya jira baƙi su tashi, ya sa a yarda cewa bai ci amana ba. Mai wannan aiki ɓoye karkarwarsa zai yi, ya cire takalmi a natse fiye da kullum, ya tsawaita gaisuwa, kuma a cikin wannan ɓoyewa ne ɗan kallo zai hango tsoron. Gaisuwar kalma huɗu ta ɗauki kayan da ba a rubuta ba, kuma mutanen da suka san zaurance da habaici ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan maganar da ke ƙarƙashin magana.

Daga cikin dabarun da ya gwada a shekarun farko, musamman a ɗakin gwajin da ya buɗe a 1912, akwai wadda ya aro daga masanin halayyar ɗan Adam na Faransa Théodule Ribot, wato tuno abin da ya taɓa sosa wa mutum rai domin ya farfaɗo da abin da ya ji a lokacin. Ɗan wasanmu zai tuna ranar da shi kansa ya taɓa ɓatar da amana, ya ɗora wannan a kan fitowar. Tulun Polus ke nan, sai dai a cikin ƙwaƙwalwa ake ɗauke da shi. Dabara ce guda cikin da yawa, amma tarihi ya yi mata gata fiye da sauran.

A 1923 kamfanin Stanislavski ya kai wasanni Amurka, 'yan kallon New York suka ga ƙungiyar da kowane ɗan wasa, har mai riƙe tire, yake raye a kan dandamali. Biyu daga cikin tsofaffin ɗalibansa, Richard Boleslavsky da Maria Ouspenskaya, suka zauna a can suna koyarwa, kuma abin da suka koyar shi ne tsarin kamar yadda suka san shi a shekarun farko. A cikin ɗalibansu akwai Lee Strasberg da Stella Adler. A 1931 Strasberg da Harold Clurman da Cheryl Crawford suka kafa ƙungiyar Group Theatre, inda Strasberg ya mayar da tuno abin da ya wuce zuciyar horon. Ya tsara shi da kyau, ba da ka ba: ɗalibi ba zai nemi ɓacin ran kai tsaye ba, zai tuno launin bangon ɗakin ne, da warin da ke ciki, da nauyin rigar da ke jikinsa a ranar, har abin ya taso da kansa. Daga 1951 ya jagoranci Actors Studio, wata cibiyar horar da 'yan wasa a New York, kuma daga nan ne abin da Amurkawa suke kira "Hanya" kawai ya mamaye finafinansu, domin kyamara tana matsowa har ta ga motsin ƙwayar ido, kuma tana saka wa duk wanda wani abu yake tafasa a cikinsa.

Adler, wadda ita ma tana cikin ƙungiyar Group Theatre, ba ta ji daɗin wannan horo ba, tana ganin ya raba ta da daɗin sana'arta. A 1934 ta sami Stanislavski a birnin Faris, ta yi mako biyar tana aiki da shi, ta koma ta shaida wa abokan aikinta cewa malamin da suke rantsuwa da sunansa ya riga ya matsa gaba, yanzu yana fifita yanayin da ke cikin wasan da aikin da ɗan wasa zai yi, tuno abin da ya wuce kuwa sai in komai ya ƙi. Ƙungiyar ta rabu a kan wannan, kuma rabuwar ba ta ɗinku ba har suka mutu. Adler ta gina koyarwarta a kan faɗaɗa tunanin ɗalibi da sanin duniyar wasan, kuma ita ce ta koyar da tauraron fim Marlon Brando, wanda mutane da yawa suke ɗauka ɗalibin Strasberg ne. Sanford Meisner kuma, wani ɗan ƙungiyar, ya bi wata hanya: ya zaunar da ɗalibai biyu fuska da fuska, ɗaya ya faɗi abin da ya gani a jikin ɗaya, wancan ya maimaita, su yi ta jifan juna da jimla guda har kowa ya manta da kansa ya koma sauraron abokinsa. A hannun Meisner, yaron shagonmu zai daina leƙen zuciyarsa, idonsa ya koma kan Alhaji.

Littattafai ma sun taimaka wajen karkatar da fahimta. Stanislavski ya tsara aikinsa kashi biyu masu tafiya tare, ɗaya kan abin da ke faruwa a cikin ɗan wasa, ɗaya kan jiki da murya da furuci da saurin motsi. Kashin farko ya fito da Turanci a 1936, shi kuwa ya mutu a 1938, yaƙin duniya ya shiga tsakani, kashi na biyu bai fito da Turanci ba sai a 1949. Shekara 13 ke nan masu karatu suna riƙe da rabin littafi suna zaton shi ne duka. Sai a 2008 fassarar Jean Benedetti ta haɗa kashin biyu a bango ɗaya.

A shekarunsa na ƙarshe, yana koyarwa a gidansa saboda ciwon zuciyar da ya raba shi da dandamali tun 1928, ya juya tsarin aikin. Lokacin da yake atisayen wasan Tartuffe na Molière, ya hana 'yan wasa haddace kalmomi da farko, ya sa su tashi tsaye su bi abubuwan da suka faru a wasan ɗaya bayan ɗaya da kalmominsu, suna jera ƙananan ayyukan jiki kamar ƙwayoyin carbi. Tunanin ba baƙo ba ne a ilimin halayya, domin tun a 1884 masanin halayya na Amurka William James ya kawo ra'ayin cewa jiki ne yake fara amsawa, abin da ake ji a rai ya biyo baya. Ka laluba aljihu na dama, ka laluba na hagu, ka juye hula, ka sake komawa aljihun da ka riga ka duba, da gaske kana nema, za ka ji gabanka ya fara faɗuwa ba tare da ka kira shi ba. Gaskiya ne cewa gwamnatin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet a lokacin, ta fi son bayanin da ya tsaya kan jiki, kuma ta rage maganar ruhi a rubuce-rubucensa, amma wannan bai rage ingancin dabarar a ɗakin atisaye ba.

A nan nake tsayawa tare da Adler da Stanislavski na ƙarshe. Ba na musun cewa hanyar Strasberg ta fitar da manyan 'yan wasa. Damuwata ita ce tana mayar da idon ɗan wasa ciki a daidai lokacin da abokin wasansa yake masa magana, tana kuma taƙaita kowace rawa zuwa girman rayuwar mai taka ta, alhali ana son ɗan shekara ashirin da biyar ya iya zama sarki ko makaho ko wanda ya yi kisa. Akwai kuma haƙƙin ɗalibi. Malamin wasan kwaikwayo ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, kuma wanda ya sa yarinya ta tono mutuwar mahaifiyarta a gaban aji don ta yi kukan minti biyu ya buɗe ƙofar da bai san yadda ake rufewa ba. Laluben aljihu ana iya maimaita shi dare ɗari, mutum ya koma gida lafiya.

Duk wannan gardama tana cikin gida ɗaya ne, gidan masu son wasa ya yi kama da rayuwa. A wajensa akwai wasu. Vsevolod Meyerhold, tsohon ɗan wasan Stanislavski, ya horar da jiki kamar na 'yan tsalle-tsalle, yana rarraba kowane motsi zuwa shiri da aikatawa da tsayawa, kafin gwamnatin Stalin ta kama shi a 1939 ta harbe shi a 1940. A wasan Noh na Japan da Kathakali na Indiya ana fara horo tun yarinta, a yi shekara da shekaru ana koyon taku da motsin ido kafin a yi maganar abin da ke rai, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Zeami, babban malamin Noh na ƙarni na 15, ya bukaci ɗan wasa ya riƙa ganin kansa da idon 'yan kallo, har ya ga bayansa.

Bertolt Brecht na Jamus shi ne ya canza tambayar gaba ɗaya. A 1935 ya ga ɗan wasan Sin Mei Lanfang a Mosko yana nuna rawar mace ba tare da ya ɓoye cewa nunawa yake yi ba. Brecht yana tsoron wasan da zai sa ɗan kallo ya narke da tausayi har ya fita yana cewa haka Allah ya ƙaddara wa talaka. Misalin da ya bayar shi ne wanda ya ga haɗarin mota yana nuna wa jama'a yadda abin ya faru: yakan kwaikwayi direban, ya kwaikwayi wanda aka buge, amma ba ya zama ko ɗayansu, domin burinsa a gane mai laifi. A hannunsa za a nuna yaron shagon ta yadda ɗan kallo zai tambayi nawa ake biyansa, da dalilin da ya sa ɓatan kuɗin yini ɗaya zai rushe amanar shekaru. Duk wanda ya ga tashe ya san wannan salo tun kafin ya ji sunan Brecht: yaro ya manna gemun auduga, ya duƙa a kan sanda, kowa ya san ɗan gidan wane ne, kuma daɗin kallon yana cikin ganin yaron da tsohon a lokaci guda. Ba mamaki da sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya fara aiki a tsakiyar shekarun 1970 tare da Michael Etherton, ya karkata ga fita da ɗalibai Samaru da ƙauyukan kewaye, su saurari matsalolin mutane, su ƙirƙiri wasa a kansu ba tare da rubutu ba, a tattauna bayan an gama.

Sai dai a kan dandamali, katangar da littattafai suke ginawa tsakanin Brecht da Stanislavski ba ta kai tsawon da ake faɗa ba. A 1949, a Berlin, matar Brecht, Helene Weigel, ta fito a wasansa mai suna Mother Courage a matsayin uwar da take bin sojoji da amalanken kayan sayarwa har yaƙi ya cinye 'ya'yanta uku. A fitowar ƙarshe tana ba wasu manoma kuɗin da za su binne 'yarta. Weigel takan buɗe jaka, ta zaro tsabar kuɗi, ta duba, ta mayar da ƙwandala ɗaya cikin jakar, sannan ta miƙa sauran. Ɗalibin Stanislavski zai ce wannan aikin jiki ne ƙarami da ya fito daga yanayin matar, wadda gobe ma dole ta ci abinci. Brecht kuwa ya sa shi a littafin hotunan da ya tsara don masu son sake shirya wasan, a matsayin abin da yake nuna yadda ciniki ya shiga har cikin makokin uwa. Weigel ta yi shekaru tana taka wannan rawa a Berlin, ta kai ta Faris a 1954 da Landan a 1956, inda yawancin 'yan kallo ba sa jin Jamusanci.